Bazara, gumi da gorar matafiyi: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso mini a 'yan kwanakin nan kusan duk maganar zafi suke yi, galibinsu kuma daga masu shirin tafiya manyan birane. Na zaɓi huɗu.

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Malam, zan je Faris a watan Yuli, an ce mini lokacin bazara ne a can. Ni dai na san Yuli damina ce. Wa ya yi kuskure?"

Hajiya, babu wanda ya yi kuskure, kalmar ce aka ɗora wa kayan da ba nata ba. A Hausa bazara ita ce ƙarshen rani, lokacin da zafi ya kai maƙura, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, ana dakon ruwan farko. Turawa suna da nasu lokacin zafi daga Yuni zuwa Agusta, masu fassara suka rasa sunan da za su ba shi, sai suka ara masa bazara saboda zafin da ya haɗa su. Na fi son a ce "lokacin zafi" kawai. Haka kuma ba na jin daɗin "igiyar zafi" da wasu ke rubutawa idan zafi ya yi kwanaki a jere yana wuce yadda aka saba. Bahaushe ya san igiyar ruwa, ya san igiyar guga, amma kunnensa bai san zafi da igiya ba. A ce "matsanancin zafi" ko "zafi ya tsananta", kowa zai gane.

Kada kuma ki raina zafin can don an ce ƙasar sanyi ce. Ranar 25 ga Yuli, 2019 ma'auni ya kai digiri 42.6 a Faris. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi, da dama a cikin ɗakunansu. Gidajen an gina su ne don su riƙe ɗumi, kuma da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki.

Wani ɗalibi ya tambaya: "Mene ne bambancin zafi, gumi, zufa da jiɓi?"

Ɗana, a nan nake so mu daɗe, domin amsar tana iya ceton rai. Gumi, zufa da jiɓi duk sunan ruwan da ke tsattsafowa daga fata ne, bambancinsu na karin harshe ne, kowane yanki da wanda ya fi yawa a bakinsa. Amma ka lura da yadda ake cewa "ana gumi" ko "yau ana zufa". Mai faɗin haka yanayin gari yake nufi: iska ta tsaya cik, kana zaune a inuwa riga tana manne maka a baya. Wannan dabam yake da "rana ta ƙwalle" ko "rana ta take", inda ranar ce ke dukan mutum kai tsaye. Harshen ya raba zafin da ake guje wa ta hanyar shiga inuwa da zafin da yake bin mutum har cikin ɗaki.

Na biyun shi ne zafin babban birni. Kwalta da siminti da bulo suna shan rana yini guda, da dare su riƙa huci suna mayar da ita. Ga hayaƙin motoci, ga iska mai zafi da na'urorin sanyaya ɗaki ke fesowa titi, ga dogayen gine-gine sun tare hanyar iska. Tun a 1818 wani masanin yanayi ɗan Ingila, Luke Howard, ya auna ya nuna cewa tsakiyar Landan ta fi ƙauyukan kewayenta ɗumi, musamman da dare. Ka taɓa dafa bangon bene bayan sallar isha ka ji shi kamar an sauke tukunya? To, shi ke nan. Jikin da bai huce da dare ba, da gajiyar jiya yake shiga zafin gobe.

Gumi kuwa ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. Idan iska ta cika da laima, wato damshi, sai ya tsaya yana ɗiga kawai, ruwan jiki yana ƙarewa, sanyi bai samu ba. (Wannan laimar dabam take da laimar da ake riƙewa a ka, wadda muka aro daga Larabci, daga kalmar da ke nufin tanti. Matafiyi ya nemi ta biyun, ya ji tsoron ta farkon.)

Muna da kalma mai kyau ga matakin farko na haɗari: galabaita. Wanda ya galabaita yana haɗa gumi sharkaf, ga jiri, ga ciwon kai, ga tashin zuciya, ƙafafu sun yi sanyi ƙalau. A kai shi wuri mai sanyi, a sassauta masa tufafi, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Amma idan ya fara sambatu, ya kasa gane inda yake, ko ya suma, an wuce galabaita. Zafin jikin da ya kamata ya tsaya wajen digiri 37 ya haura 40. A kira motar asibiti nan take, kafin ta iso a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya da hamata da matsematsi ana yi masa fifita, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum fiye da 1,300 suka rasu, yawancinsu sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba wurin fakewa. Allah ya jiƙansu.

Wani bawan Allah ya ce: "Mece ce fafewa a cikin 'ba a fafe gora ranar tafiya'?"

Fafe gora shi ne a yanke mata baki, a ƙwaƙule 'ya'ya da totuwar cikinta, a jiƙa ta kwanaki har ɗacin ya fita, sannan ta iya riƙe ruwan sha. Wanda ya bari sai ranar tashi, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Karin maganar ya shafi kowane shiri, amma a kan ruwan matafiyi aka gina shi, don haka a maganar zafi ya zauna daram. Tun kafin ka biya kuɗin masauki ka tambaya ko ɗakin yana da abin sanyayawa, ka guji hawa na ƙarshe da ke ƙarƙashin rufi. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon zuciya ya ga likitansa tukuna. Jiki ma gora ne, yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon zafi, saboda haka kwanakin farko ba na yawo ba ne. Kada a jira ƙishirwa kafin a sha ruwa. Fitsari idan ya yi ja, jiki ya riga ya yi magana.

Akwai ɗan'uwan wannan karin magana: "da sanyin safiya ake kama fara". Fara ba ta iya tashi sai rana ta ɗumama ta. Mai ziyarar birni ya yi yawonsa tun daga asuba zuwa hantsi. Hajiya mai zuwa Faris, ki kula: a can rana tana kaiwa kusan ƙarfe goma na dare kafin ta faɗi, zafi kuma yakan fi tsanani da la'asar, lokacin da kika saba ganin gari ya fara yin sanyi.

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta: "A 'inuwar giginya, na nesa ka sha', wa ake ce wa ya sha?"

Malama, ba a umarci kowa ba. Wannan "ka" ba ta "kai" ba ce, ita ce ta Hausar yamma da ke daidai da "ke", wato na nesa ke sha. Giginya doguwa ce, ganyenta can ƙoli, inuwarta sai ta faɗa nesa da gindinta. Ana faɗa wa mutumin da alherinsa ke tsallake danginsa ya sauka kan bare. Dogon bene ma haka yake yi da safe da yamma, yana jefa inuwarsa har tsallaken titi, da rana tsaka kuwa ta tattare a gindinsa ta bar hanya fayau. Mai tafiya a ƙasa ya duba gefen da ta faɗa ya tsallaka can, ko da hanyar za ta ƙara masa nisa.