Kaso Goma na Wane Kuɗi? La'adar Kai wa Kamfanin Tallan Google Kwastoma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya a Farm Centre, Kano, kuma sana'ar ta haɗa ni da manyan 'yan kasuwa da dama. Wasu samari masu kamfanin da ke sa a riƙa ganin kasuwancin mutum idan an yi bincike a Google sun ce in riƙa kawo musu kwastoma, su ba ni kaso 10 cikin 100. Abokina ya ce in ce albarka, sai sun kai 20. Nawa ya kamata in tsaya a kai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Da kai da abokin naka duk kun yi saurin shiga tayi, alhali ba a kwance bakin buhun ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kafin goma ko ashirin, koma ka tambaye su: goman na wane kuɗi ne?

Aikin irin waɗannan kamfanoni kashi biyu ne. Akwai tallan da ake biya, wato Google Ads. Wani ya shiga Google yana neman mai haɗa sola a Kano, sai sunan kwastomanka ya fito a sama, kuma duk wanda ya danna, Google ya ciri kuɗi. Wannan kuɗin na Google ne, ta hannun kamfanin kawai yake bi. Nasu shi ne ladan kula da tallan. Kashi na biyu shi ne wanda suke kira SEO, gyaran shafin intanet da rubuce-rubucensa har Google ya riƙa fito da shi don kansa, ba tare da an biya shi ko kwabo ba. A nan kusan duk abin da kwastoma ya biya ladan aikinsu ne.

Mu ƙaddara ka kai musu wani Alhaji da zai riƙa biyan naira 500,000 duk wata. A ciki 400,000 na Google ne, 100,000 nasu. Kai a zuciyarka ka lissafa 50,000, su kuma a tasu zuciyar 10,000 suke nufi. Ranar da alat ya shigo sai a fara kallon-kallo, kowa na ganin ɗan'uwansa ne macuci. Kuma maganar gaskiya, lissafinsu ne ya fi kusa da hankali, domin 50,000 rabin ladansu ne, ga albashin ma'aikata, ga data, ga man janareta. Kamfanin da ya amsa maka wannan ba gardama, ka ji tsoronsa: ko dai ba zai biya ba, ko ya ƙwaƙule daga kuɗin tallan Alhaji. Saboda haka a rubuta cewa la'adarka daga ladan aikinsu take. Harajin VAT na kaso 7.5 da ake ɗorawa a kan rasit ma na gwamnati ne, kada ka sa shi a lissafi.

Yanzu ga wurin da nake so ka kafe, ka ƙi motsi. Wata nawa za a yi ana ba ka?

Wannan ba dillancin fili ba ne, da za a sayar yau a raba la'ada kowa ya kama gabansa. Kwastoman nan kowane wata zai biya. Idan ka bi shawarar abokinka ka karɓi 20 sau ɗaya, ka tashi da 20,000, shi ke nan. Idan ka karɓi 10 na tsawon wata 12, ka samu 120,000. Ko da Alhaji ya gaji a wata na uku ya janye, 30,000 ta shiga aljihunka, har yanzu ka fi abokinka. Ni da za a ba ni zaɓi, goma na shekara guda nake ɗauka in yi godiya. Idan suka ce shekara ta yi yawa, sauko zuwa wata shida, amma ka nemi 15 a wata ukun farko. Idan aikin na lokaci ɗaya ne, kamar gina shafi, a nan ne maganar abokinka take da gurbi, ka taya 20 ka ga inda za a sallama. Kada ka nemi a ce har abada. Zai yi wuya su yarda, in ma sun yarda da baki, biyan zai tsaya a hanya.

Yawan kason kuma yana bin yawan guminka. Wanda ya tura lambar waya kawai, biyar ma ta ishe shi. Wanda ya ɗauki yaran kamfani ya kai su har shagon Alhaji, aka shimfiɗa darduma, ya fassara musu bayaninsu zuwa Hausar da mai kuɗi zai gane, ya koma sau uku har aka ba da kafin alƙalami, wannan ya yi musu aikin ma'aikacin da ba su biya albashi ba. Ka faɗa musu haka ƙarara. Ka kuma nemi mataki: kwastoma uku na farko a kan 10, daga na huɗu a ƙara.

Na taɓa haɗa wani kamfani da mai otal, duk da baki muka yi. Da ciniki ya faɗa sai aka ce mini ai dama sunansa na cikin littafinsu tun bara. Ban da shaida, na haɗiye. Tun daga ranar, kafin in kai kowa sai na tura sunansa a rubuce, sun amsa cewa sabo ne a wurinsu. Saƙon WhatsApp ma ya isa. A takardarku ta yarjejeniya, shafi ɗaya ya wadatar, a sa cewa duk wanda ka gabatar, in ya shiga cikin wata shida, naka ne. A sa cewa za a biya ka cikin kwana bakwai da biyan kwastoma, su nuna maka rasit. Idan ya ƙara wani aikin daga baya, shi ma a fayyace ko da kai a ciki. Ka tambaya ko za su cire haraji daga la'adar, ka kuma duba rajistarsu a shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne.

Sai abin da ya fi la'adar tsada, wato mutuncinka a kasuwa. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da tabbacin sa shafi a lamba ɗaya, kuma amfanin SEO yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a gan shi. Idan samarin nan suka yi wa Alhaji alƙawarin sati biyu, ba su zai nema ba, ƙofar shagonka zai tsaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka ka gaya masa tun farko cewa kana da la'ada a ciki. Ladan dillali halal ne, ɓoye-ɓoyen ne ke ɓata zumunci. Kada kuma ka ba da lambar kowa sai da izininsa. Ka tabbatar asusun tallan da shafin suna da sunan mai kuɗin, yadda ko an rabu ba za a riƙe masa kaya ba.

Ba kowa ne ma za ka kai ba. Mai sarin atamfa a Kwari, masu sayensa a WhatsApp da TikTok suke, sai kuma waɗanda suka gada tun daga iyaye. Tallan Google ba lallai ya ƙara masa ko turmi ɗaya ba. Nemi wanda baƙo ke lalube: otal, makarantar kuɗi, asibiti, mai haɗa sola, ko mai fitar da zoɓo da riɗi daga Dawanau, wanda mai sayensa ke zaune a Meziko ko Turkiyya yana bincike a kwamfuta. Fara da mutum ɗaya a cikinsu, ka zuba ido wata uku ka ga aikinsu da biyansu, kafin ka buɗe musu sauran lambobin da ke wayarka.