Bayan tiyatar kansar hanta, ana daɗewa?

Ɗan'uwa, ka ce an cire wa Baba ƙarin ciwon daji (kansa) a hanta, yana kuma ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kana tambaya ko ana daɗewa bayan aikin. Allah ya ba shi lafiya.

Ana daɗewa. Idan ƙarin ɗaya ne, ƙarami, bai shiga jijiyoyin jini ba, kuma sauran hantar ba ta ƙandare ba, fiye da rabin masu irin wannan sukan wuce shekara 5. Abin da ya fi damuna shi ne dawowar ƙarin, domin kusan kashi 70 cikin 100 yakan sake ɓullo musu cikin shekara 5, galibi a shekaru 2 na farko. Wuƙar likita ƙarin kawai ta ɗauke, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana nan.

Don Allah kada ya ajiye maganin ciwon hanta nau'in B, wato tenofovir ko entecavir, wai don ya ji garau. Dainawa kan iya tayar da cutar da ƙarfi. Ka ajiye masa kwalbar a gefen gado, ka riƙa duba ta.

Ranar gwajin jinin AFP (sinadarin da kan ƙaru a jini idan ƙarin ya dawo) da hoton CT ko MRI, duk wata 3 zuwa 6, kada ta wuce ku. Ƙarin da aka kama yana ƙarami ana iya ƙona shi da allura. Kai ma ka je a gwada ka, a ga ko kana ɗauke da ciwon hanta nau'in B.