Tambaya da Amsa: Wane Koton Kadis Zan Ɗaura wa Fatsata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jihar Montana ta Amurka, inda abokan karatuna suka koya mini kamun kifin tirawut da fatsa mai koton gashi. Da na shiga shagon kayan kamun kifi, sai na tarar da kwaikwayon ƙwaron kadis iri-iri har na rasa na zaɓa. Da wanne ya kamata in fara?
Daga wani mai karatu, Montana.

AMSA: Wa'alaikumus salam, malam. Kafin ka buɗe aljihu, ya kamata ka san ƙwaron da kake son kwaikwaya, domin kowane koto a shagon nan hoton wani mataki ne na rayuwarsa. Kadis yana farawa ne a matsayin tsutsa a ƙarƙashin duwatsun kogi, kuma da yawa daga cikinsu sukan gina wa kansu kube da yashi ko tarkacen ganye. Idan lokaci ya yi, sai tsutsar ta rufe kanta a ciki ta rikiɗe, sannan ta fito ta yi iyo zuwa saman ruwa, inda take sake fata ta tashi da fikafikai huɗu waɗanda take kifewa a bayanta kamar jinka idan ta sauka.

Na farkon da zan ce ka saya shi ne Elk Hair Caddis, wanda wani masunci mai suna Al Troth ya ƙirƙira a Pennsylvania a 1957, kafin daga baya ya koma garin Dillon na jihar da kake zaune. Fiffiken koton na gashin barewar elk ne, gashi mai rami a ciki wanda ba ya nutsewa da wuri, sannan an naɗe jikin da gashin wuyan zakara domin ya tsaya bisa ruwa ko da kogin yana gudu. Ka nemi ƙugiya lamba 14 da 16, kana sane da cewa idan lambar ta ƙaru, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi.

Amma inda sababbin masunta suka fi yin asara shi ne ƙarƙashin ruwa. Za ka ga kifaye suna tsalle suna fantsama da yamma, ka jefa musu koton sama su ƙi kula shi, saboda abin da suke bi shi ne ƙwaron da ke hanyarsa ta hawowa, lokacin da ba shi da mafaka. Wannan ne ya sa wani masunci mai suna Gary LaFontaine ya riƙa nutso cikin koguna yana kallon yadda abin ke faruwa, har ya ƙirƙiri koton Sparkle Pupa da zaren Antron mai ƙyalli, domin ya kwaikwayi sheƙin da ya ce ya gani a jikin ƙwaron. A ganina, wannan koto ya fi na farkon amfani a ranakun da kifi ya yi taurin kai.

Akwai Goddard Caddis na Ingila da X-Caddis na Craig Mathews, amma suna iya jira.

Idan ka isa bakin kogi, ka ɗaga dutse ɗaya ka duba ƙasansa, ka kuma girgiza reshen da ke gaɓa, sannan ka daidaita girman kotonka da na ƙwaron da ka gani kafin ka damu da launi. Ka ɗaura Sparkle Pupa a bayan Elk Hair Caddis da tazarar kamar kamu ɗaya, kuma idan igiya ta kai ƙarshen tafiyarta kada ka yi saurin janyewa, ka bar ruwa ya ɗago koton a hankali, domin a wannan ɗagowar kifi yakan kai cafka.