Amsa ga 'yar'uwar da ke jinyar mahaifinta a Marwa

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, da asuba na ga tambayarki, inda kika ce shekara biyu ke nan kina jinyar Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye, 'yan'uwanki maza suna Yawunde sai dai gaisuwa ta waya, kuma kina tsoron ko zunubi ne da kike jin kin gaji. Wallahi ajiye wayar na yi na sha kukana. Ni shekara huɗu na yi da Inna a nan Garwa, Allah ya jiƙanta.

Ba zunubi ba ne. Wanda bai taɓa wanke babba da ƙarfe ukun dare ba, shi ne zai ce miki ki yi haƙuri kawai, lada ce.

Abin da ban manta ba, shekara ta uku ce. Zafin Afrilu na Garwa kin san shi, ya haura digiri 40, ga wuta ba ta zama. Gyambon kwanciya ya fito wa Inna a ƙugu, ni ce fifita, ni ce wanki, har keken ɗinkina na sayar saboda masu kawo ɗinki sun gaji da jirana. Da babbar Sallah yayanmu ya iso daga Duwala da ragonsa. Ya shiga ɗakin, ko minti biyar bai yi ba ya fito yana toshe hanci da hularsa. A gaban matarsa da baƙi ya ce, "Wai dubu ashirin ɗin da nake turowa ta Orange Money, ina suke shiga?" Dubu ashirin! Ko pampas da maganin hawan jini ba su ishe su ba. Ina riƙe da bahon wanki a lokacin, hannuna duk ya tsattsage da omo. Ban ce uffan ba. Har yau bai nemi gafarata ba, kuma ranar rasuwa shi aka yi ta yi wa sannu da ɗawainiya.

Don haka ki sayi littafi yau, ki rubuta ko sabulun dala ashirin, ki ɗauki hoto ki tura musu duk ƙarshen wata. Kuma ki daina cewa "ku taimaka". Ki ce wane zai zo sati ɗaya a watan kaza, wane zai biya yarinyar da za ta kama miki wanki. Ni kunya ce ta cuce ni.

Ki riƙa juya Baba duk bayan awa biyu, ki duba ƙugu da dugadugai kullum. Da zanin gado ake jan shi, ku biyu, kar ki ɗaga shi ke kaɗai. Bayana har yanzu bai dawo daidai ba, a zaune nake sallah.

Gwamnatin Kamaru kuwa, tsarin CSU na kula da lafiyar kowa da kowa da aka fara a 2023 ya sauƙaƙa wa masu wankin ƙoda, sefa dubu 15 suke biya a shekara, mun gode Allah. Amma ita mai jinyar da ke kwana a tabarma a barandar asibiti, ita ce girki, ita ce layin sayen magani, ba ta cikin lissafin kowa. Mu ma da laifinmu. Mutum na mutuwa unguwa ta cika da tabarmi kwana uku, amma yana kwance shekaru sai a riƙa aiko gaisuwa ta bakin yara. Matan adashenmu ne suka cece ni daga baya, kowace Juma'a ɗaya ta zauna da Inna daga hantsi zuwa la'asar. Barci kawai nake zuwa in yi a gidan maƙwabta. Ki gwada yi wa matan islamiyyarku magana, ko limamin unguwa.

Katifar iskar Inna tana nan a ajiye, lafiyarta ƙalau, sai dai famfon yana ƙara da dare. Ki yi min magana ta gefe, in ba direban motar Marwa ya kawo miki.