Hukuncin Ajiye Mota a Gurbin da Aka Keɓe wa Nakasassu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, a keken guragu muke kai shi asibiti da masallacin Juma'a a nan Abuja. Akwai gurbi biyu kusa da ƙofar masallaci masu alamar keken guragu, amma kusan kullum sai mu tarar masu lafiya sun tare su. Juma'ar da ta wuce na yi wa wani magana, ya ce fili na Allah ne, wanda ya riga shi ke da wuri, kuma sauri yake kada huɗuba ta wuce shi. Zuciya ta ɗebe ni, na sace masa iskar taya biyu. Yana da gaskiya? Ni kuma fa? Sannan ƙanena yakan ɗauki motar Baba mai sitikar nakasassu ya ajiye a irin wannan wuri ko da Baba ba ya ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka maka da alheri kan hidimarsa.

Bai halatta ga mai lafiya ya ajiye motarsa a gurbin da hukuma ko masu wuri suka keɓe wa nakasassu ba. Wanda ya yi haka da gangan ya yi zunubi, ko da sallarsa ta inganta.

Maganar mutumin nan tana da tushe, sai dai ya ajiye ta inda ba muhallinta ba. Gaskiya ne malamai sun ce wurin da jama'a suka yi tarayya a kansa, kamar sahun masallaci ko gefen kasuwa, wanda ya riga ya fi cancanta. Amma wannan a wurin da ba a keɓe ba ne. Shari'a ta san abin da ake kira hima, wato hurumin da shugaba yake warewa don maslaha. Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Imam Malik a Muwaɗɗa da Imam Bukhari sun ruwaito umarnin da Umar ya ba baransa Hunayyu da ya ɗora a kan hurumi: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya kiyayi garken Abdurrahman Ibn Auf da na Usman Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da kowa. Dubi su wa aka hana: manyan sahabbai biyu da aka yi wa bushara da Aljanna. Mai ƙafa biyu lafiyayyu shi ne mai gonaki da dabino a wannan mas'ala. In ya rasa gurbi sai ya ajiye can nesa ya tako. Mahaifinka ba shi da wannan zaɓin.

Da yawa suna zaton kusanci da ƙofa ne kawai amfanin gurbin. A'a, har da faɗinsa. Ana buƙatar a wangale ƙofar mota gaba ɗaya, a jingina keken da kujera, sannan a ɗago mutum. Idan wata mota ta matse gefen, dattijo zai zauna cikin zafi, ko a sauke shi a tsakiyar titi motoci na danna masa oda, jama'a na kallo. Wannan cutarwa ce, kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa.

Uzurin huɗuba ma ya fi ba ni takaici. Annabi (SAW) ya ga wani yana tsallake wuyan mutane ranar Juma'a, ya ce masa ya zauna, ya cutar. In an tsawatar wa mai tsallake wuya, ina ga wanda ya sa gurgu ya rasa sallar baki ɗaya?

Ga kuma doka. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta ware musu gurbi a wuraren ajiye motoci na jama'a, ta kuma sa tarar naira 5,000 ga mai lafiyar da ya ajiye mota a wurin. Bin shugabanni a abin da ba saɓo ba wajibi ne, kamar yadda aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta nuna. Rashin ganin mai kamawa ba ya halatta abin. Maigadin da ke karɓar na goro ya buɗe wa wani alhaji gurbin, shi ma ya ci amana. Larura ta gaske kaɗai aka yi wa rangwame, kamar mai naƙuda ko wanda ya yi hatsari: a sauke shi, a janye motar nan take.

Ƙaninka kuwa ka gaya masa ya daina. Alamar ta Baba ce, ba ta mota ba. Amfani da ita ba tare da shi ba ha'inci ne, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Saura kai, ɗana. Na fahimci zafin da ka ji, amma sace iskar taya ba haƙƙinka ba ne. Laifinsa bai halatta maka dukiyarsa ba, kuma motar da ka sace wa iska ta ƙara daɗewa ne a gurbin da kake so a bari. Ka neme shi ka ba shi haƙuri, ka biya abin da ya kashe wajen mai faci. Kada kuma ka yanke hukunci da ido kawai: akwai mai ƙafar roba a cikin wando, akwai mai ciwon zuciya ko sikila da taku hamsin ke gagararsa. Ka yi tambaya cikin ladabi tukuna. In abin ya ci gaba, ka kai wa kwamitin masallaci, ka roƙi liman ya yi magana a kan mumbari, a sa 'yan agaji su tsare gurbin biyu tun kafin a fara taruwa.

Allah ne mafi sani.