Hali da Aikata Laifi: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 8 ba ya iya jiran komai, ga saurin fushi. Sau biyu ina samun kayan abokansa a jakarsa. Ɓarawo zai zama ke nan?

Amsa: Baiwar Allah, ɗaukar kaya sau biyu bai isa a yanke wa yaro hukunci ba. Ni rashin iya jiran ne ya fi tsaya mini a rai, domin a cikin halayen yau da kullum, rashin kamun kai na cikin waɗanda aka fi samun alaƙarsu da aikata laifi. A birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi diddigin yara kimanin 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. Da suka kai shekara 32, kashi 43 cikin ɗari na waɗanda suka fi rashin kamun kai a yarinta kotu ta taɓa samun su da laifi, masu kamun kai sosai kuwa kashi 13 ne. Amma ki lura, ko a rukunin farko fiye da rabi ba a taɓa samun su da laifi ba.

Mu likitoci muna da jerin ɗabi'u 15 da muke dubawa don gane larurar lalacewar ɗabi'a a yara. Akwai cin zalin yara, tsokanar faɗa, azabtar da dabbobi, cinna wuta da gangan, yin ƙarya don samun wani abu, da gudu daga gida. Sai an ga aƙalla uku cikin wata 12, ɗaya kuma a cikin wata 6 na baya-bayan nan, kafin mu ce akwai larura. Idan abin ya fara kafin shekara 10, mun fi sa masa ido.

Yanzu ki raka shi ya mayar da kayan da hannunsa, ya ba da haƙuri da bakinsa. Horon ya zama gajere, a ranar da ya yi laifin, kuma iri ɗaya kullum. Inda iyaye ke kuskure shi ne yau duka, gobe dariya. Duka mai tsanani ɓoyewa yake koya wa yaro, ba bari ba. Duk ranar da ya yi jira ko na minti 5 ne, ki faɗa masa kin gani. In malamansa ma suna kuka da rashin zamansa wuri ɗaya, a kai shi a duba larurar rashin mai da hankali da yawan ƙiriniya, don tana da magani.

Tambaya: Gaskiya ne ana gane mugu daga fuskarsa? Maƙwabcina ba ya fara'a, ba ya shiga mutane, ina tsoronsa.

Amsa: Malam, an ce labarin zuciya a tambayi fuska, to wannan na farin ciki da ɓacin rai ne. Wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya yi iƙirari a 1876 cewa surar kai da muƙamuƙi na nuna mai laifi. A 1913 wani likitan Ingila, Charles Goring, ya gwada fursunonin Ingila da mutanen gari, bai sami wannan sura ba. Shiru-shiru ba alama ba ce. Abin dubawa aiki ne: yaudara a kai a kai, rashin nadama bayan an cuci mutum, da ɗora wa wasu laifi kullum. Masu irin wannan hali sau da yawa ma bakinsu ya fi na kowa zaƙi.

Tambaya: Mijina ɗan shekara 54, mutum ne mai kunya da amana. Cikin shekara guda ya koma batsa a gaban baƙi, yana ɗaukar abin da ba nasa ba, kuma ko a jikinsa. Me ya same shi?

Amsa: Hajiya, wannan maganar asibiti ce, kada a tsaya faɗa da nasiha. Halin da ya juye farat ɗaya a wannan shekarun yana sa mu zargi gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, wurin da ke taka wa mutum birki. Buguwar kai na iya taɓa wurin, haka ciwon ƙari, shanyewar jiki, giya ko ƙwaya. Akwai kuma wani ciwon lalacewar ƙwaƙwalwa da ya fi farawa tsakanin shekara 45 da 65, wanda hali yake fara ɓatawa tun mantuwa ba ta bayyana ba, shi ya sa iyali kan ɗauka iskanci ne.

Ki rubuta lokacin da abin ya fara, da kowane abu da ya yi da kwanan watansa. Ki haɗa duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa tare, domin shi da kansa zai ce lafiyarsa ƙalau. Za a buƙaci gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa. Kafin ranar, ki karɓi ragamar kuɗin gida, a daina barin shi tuƙi. In ya fara ciwon kai mai tsanani, amai, farfaɗiya ko raunin ɓari ɗaya na jiki, ku tafi sashen gaggawa a ranar.