Baƙauye, bagidaje da ɗan birni

Tambaya: Malam, mun shigo Kano daga Gezawa da daddare, muka zauna wurin mai balangu a titin Gidan Zoo. Wasu 'yan gayu suka ƙare wa takalmanmu kallo, ɗaya ya ce "ƙauyawa sun shigo gari", wani ya ce "ai gidadawa ne". Shin kalmomin nan ɗaya ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa, ko da yake bakin samari ya cakuɗa su. Dukansu an gina su da "ba-" irin ta Bakano da Bakatsine. Baƙauye daga ƙauye yake, asalinsa faɗin wurin zama ne kawai, raini daga baya ya hau kansa har aka samu "ƙauyanci". Bagidaje kuwa daga gida ya fito: wanda bai fita ya ga duniya ba, bai san yadda ake zama da mutane ba. Shi ne kifin rijiya, mai zaton ruwan duniya iyakarsa ke nan. Don haka ana iya haifar mutum a gefen kasuwar Kurmi, tsakiyar birnin Kano, ya tashi da gidadanci fal, a kuma samu manomi a Gezawa da ya taka Legas da Agadez, ya fi shi wayewa nesa ba kusa ba.

A da, Kano ganuwa ce ke raba Birni da Waje. Fagge da Sabon Gari, inda hirar dare ta fi armashi, duk Waje ne, haka ma Nassarawa ta masu hali. Titin Gidan Zoo ɗin da aka yi muku gorin ma bayan ganuwa yake. Yanzu ma'aunin ya koma wayar hannu da ɗinkin shadda da mota, da ko ka iya tsoma Turanci a cikin zance. Abin da suke nufi da baƙauye shi ne "ba ajinmu ba", sai dai nauyin faɗin haka ya sa suka fake da ƙauye.

"Ɗan birni" ma ba kullum yabo ba ne. In dattijo ya ce maka "yi hankali da wane, ɗan birni ne", yana nufin mai wayon tsiya da daɗin baki, wanda zai ci bashinka ka ƙare da bin sa kana ba shi haƙuri.